Merle Ya Zauna a Bencin Baya

Merle Hotaling a gajiye yake kwana, a gajiye yake tashi. Shanun madara ba ruwansu da Lahadi ko Kirsimeti, safe da yamma sai an tatse su. Gonarsa tana can ƙarshen wata hanyar tsakuwa a kan tudu, a wani ƙaramin gari na arewacin jihar New York. A nan ya gaji mahaifinsa, a nan furfura ta same shi.

Duk hunturu, kafin gari ya waye, Gus yakan hau tudun da motar share ƙanƙara ya buɗe hanya, sannan tankar kamfani ta biyo baya ta kwashe madara. Gus ne mai kula da hanyoyin garin, kuma kujerar ta zaɓe ce. Merle bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya saba da Gus kamar yadda ya saba da fitowar rana.

Wata rana lokacin yankan ciyawa, maƙwabciyarsa Ida, tsohuwar malamar makaranta, ta tsayar da mota a bakin gona.

"Merle, ka yi rajistar zaɓe kuwa?"

"Haba Ida, dube ni mana. Ko aski ban samu na yi ba."

"To ka saurara. Duane na neman kujerar Gus. Za a yi taron jam'iyya a zauren 'yan kwana-kwana, a nan za a tsayar da ɗan takara. Ka san garin nan jam'iyya ɗaya ce. Wanda aka tsayar a taron shi ya ci, zaɓen Nuwamba suna ne kawai."

"Duane mai sayar da tayoyi? Wa zai zaɓi wannan?"

"Surukansa da abokan farautarsa. Su duk sun yi rajista."

Merle ya share gumi ya ce zai leƙa ofishin gari in ya sauka sayen dusa. Ya sauka, ya sayi dusar, ya wuce ofishin yana hamma. Matarsa Darlene, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi, ita ma kullum sai ta ce gobe.

Ranar taron, Ida ta zo ta tisa su gaba, Merle ko takalmin garke bai cire ba. A bakin ƙofa Peggy, ma'aikaciyar ofishin gari, ce ke duba rajista. Ta duba, ta sake dubawa.

"Merle, babu sunanka. Na Darlene ma babu."

"Peggy, ke da muka yi aji ɗaya? A garin nan fa aka haife ni!"

"Na san ka, na san babanka. Amma doka ce. Ku zauna a baya ku sha kofi, ƙuri'a dai babu."

A bencin baya ya tarar da wasu mutanen tudu, su ma an mayar da su 'yan kallo. Suna zaune da fanke a hannu aka ƙirga ƙuri'u, Duane ya ci. Tazarar ba ta kai yawan waɗanda ke kan bencin ba.

Gus ya ba Duane hannu, ya ɗauki hularsa. Da ya zo wucewa ya dafa kafaɗar Merle ya ce, "Na gode da ka zo." Merle ya kasa ɗaga ido.

A Nuwamba sunan Duane kaɗai ne a takardar zaɓe. Da sabuwar shekara ya kama aiki, ƙanƙara kuwa ta sauko da ƙarfi. Motar share hanya sai ta fara da bakin tafki, inda masu hali ke da gidajen hutu, ta bi ta unguwar surukan Duane. Tudu sai bayan la'asar, wani lokaci sai washegari.

Direban tanka ya bugo waya. "Merle, ba zan iya hawa ba. In motar nan ta zame, ni da ita sai rami."

Tankin madara na gona ya cika, shanu na kuka suna jiran a tatse su. Merle ya buɗe famfon tankin. Madara ta bi kwata fara sol, yana kallo.

Ya kira Duane. Duane ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Motoci biyu gare ni, hanyoyi kuma da yawa. Mutane ne suka sa ni a nan, Merle. Kai wa ka zaɓa?"

Haka aka yi ta yi duk hunturun. Kafin ƙanƙara ta narke, kamfanin ya sanar da shi cewa tankarsu ta daina bin tudun, ba za su iya da hanyar da ba ta da tabbas ba. Ya nemi wani kamfanin, babu mai son hawa. Dole ta sa ya sayar da shanun.

Ranar da dillalai suka zo kwashe shanun, Darlene ta ƙi fitowa daga ɗaki. Wata tsohuwar saniya da Merle ya raina da kwalba tun tana maraƙa ta tirje a bakin mota. Dillalin ya ɗaga sanda, Merle ya ce, "Bari." Shi da kansa ya kama wuyanta, ya yi mata magana a kunne, ya shigar da ita. Ya tsaya a tsakar garke har ƙarar motocin ta ɓace.

Yanzu buhunan dusa yake ɗorawa a mota a wani shago cikin gari. Ofishin rajista na tsallaken titi. Ranar da ya shiga, kafin kofinsa ya huce an gama yi masa rajista.

Mai karatu, yi rajista tun da wuri, kuma in an kira taron jam'iyya a unguwarku, ka je. A irin waɗannan ƙananan zauruka ake yanke wanda zai riƙe maka hanya da ruwa da makaranta, kuma in ba ka nan, ba za a jira ka ba.