Wa Ke Ba Hajiya Burodi?

Mai shagon kifin ado ce ta fara gaya mini wannan labari, muna zaune a benci ɗaya a asibiti muna jiran awon hawan jini. Irin matan nan ce da ba sa tambayar ko ke wace ce kafin su buɗe baki. Inda ta bar giɓi ni na cike, don tsohuwa ba ta rasa inda ta ji magana.

Wani tela ne, in ji ta, matarsa ta rasu wata biyar da suka wuce, ta bar masa yarinya 'yar shekara takwas da suke kira Ummi, da kifi guda ɗaya a akwatin gilashi. Kifin ja ne mai ruwan zinariya, da jela baza-baza. Marigayiyar ce ta raɗa masa suna Hajiya, saboda yangar da yake yi in zai juya. Akwatin yana falo, tsakanin taga da kujerar da marigayiyar take zama. Babu abin da aka matsar a wurin.

Gidan ya koma shiru. Tela ya fita shago da safe, Ummi ta tafi makaranta. Da rana surukarsa, uwar marigayiyar, takan zo da makullinta ta share, ta ɗora tukunya, ta ajiye wa yarinyar shayi da burodi, ta tafi kafin ya dawo.

Sai Hajiya ta fara ciwo. Ciki ya kumbura, ta daina zuwa ƙasa, tana yawo a saman ruwa a karkace kamar takalmin da aka yar a rafi.

Tela ya je shagon kifi a rikice, da zare maƙale a rigarsa. Mai shagon ta ce cin da ya wuce kima ne. Ta ce ya hana Hajiya abinci kwana uku, ya riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ya wanke ɗan injin da ke tace shi. Mutumin da bai taɓa dafa ko ƙwai ba, sai ga shi yana dafa koren wake ƙwaya ɗaya, yana ɓare bawon da farce, yana saka mata. Ya yi duk abin da aka ce. Kifin ya ɗan miƙe ranar hutu, kwana biyu bayan nan ya sake karkacewa.

Mako uku ana haka. A na huɗu ya kwashi tsakuwar ƙasan akwatin a kwalba ya kai wa mai shagon. Ta ɗaga a haske, ta girgiza.

"Malam, burodi ne wannan," ta ce. "Yana kumbura mata a ciki, sauran ya ruɓe ya ɓata ruwa. Akwai mai kashe ta a gidanka, kuma da hannu mai taushi yake yi."

Ya koma gida ya tarar da Ummi a ƙasa kusa da akwatin, kofin shayi a gabanta, gutsuren burodi a hannu.

"Ke ce?"

"Wallahi Baba ba ni ba ce."

"Aljanu ne ke nan? Abu ɗaya uwarki ta bari yana numfashi a ɗakin nan, shi ma sai kin ga bayansa?"

Abu ɗaya fa ya ce. A gaban 'yar da matar ta haifa. Maza in baƙin ciki ya kama su, ba sa jin abin da ke fita daga bakinsu.

Ya hana ta zama a falo. Ya kuma gargaɗe ta kada ta sake ta kai wa kakarta maganar, tsohuwa tana da abin da ke damunta. Yarinyar ta riƙe amana. Ta daina taɓa burodin da ake ajiye mata, ta daina surutu, in ta dawo sai ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa. Kakar ta ga haka ta ce kewar uwa ce, ta ƙara mata madara a shayi.

Hajiya ba ta kai ƙarshen watan ba. Tela ya naɗe ta a ƙyallen da ya rage daga rigar matarsa ta ƙarshe, ya binne a bayan gida. Ya ce wa surukarsa tsufa ne ya kashe ta. Ya je ya mayar wa mai shagon sauran maganin, ya tsaya a bakin kanta yana hawaye. Ya ce tun ranar bai iya kallon idon 'yarsa ba, ita ma ba ta ƙara kiransa Baba ba.

"Yaran yanzu," in ji mai shagon, tana gyara mayafi. "Ƙarya a bakinsu kamar ruwa."

Aka kira lambata. Ma'aikaciyar jinya ta auna ni sau biyu, ta ce, "Iya, me ya faru? Da gudu kika zo?" Na ce mata ta rubuta abin da ta gani kawai.

Washegari da safe ban jira rana ta yi ba. Na ɗauki makullina na tafi gidan telan, na same shi da Ummi a bakin ƙofa, yana ɗaure mata igiyar takalmi. Da gwiwoyin nan nawa da ba sa lanƙwasuwa na durƙusa gaban jikata, na ce wa ubanta ya tsaya ya ji: wata uku na yi ina bin 'yata da cokali tana kau da kai, shi ya sa kullum kifin nan ya buɗe mini baki ban taɓa iya hana shi burodi ba.