Ɗaki Marar Taga

Masu binciken aure sun dawo daga Legas da magana guda: Suwaiba sojar ruwa ce, amma ba wanda ya taɓa ganinta cikin jirgi. Kullum wani ɗaki marar taga take shiga.

Da la'asar Awaisu, mai neman aurenta, ya iske ta a bakin gonar mahaifinta a Ƙarfi, tana ɓare masara. Ya tsuguna nesa kaɗan, yana wasa da hularsa.

"Kawu ya ce ba zai nema min auren macen da ba a san aikinta ba. Me kike yi a ɗakin nan, Suwaiba?"

Hannunta ya tsaya cak. Shekara shida ke nan tana warware saƙonnin sirri na 'yan fashin teku. Ko bara, wasu lambobi da ta kwance ne suka ceto ma'aikatan jirgi goma sha tara. Da za ta faɗa, da Kawu bai ƙara magana ba. Ta ɗago kai ta dubi mutumin da take so.

"Alƙur'ani na dafa na rantse, Malam Awaisu. Ko mijina ba zai ji ba."

"Ko da za ki rasa ni?"

"Ko da zan rasa ka."

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya matso, ya ɗauki masara ya fara ɓarewa.

"Gobe zan koma wurin Kawu. In ya isa, ya zagaye Malumfashi kaf ya nemo min mai riƙon amana irinki."