Gogen Mubashir

Mubashir na sauke goge, filin bikin kiɗan gargajiyar mutanen Ireland ya kaure da tafi. Injiniya ne a Dubai, shekara shida yana ɓoye gogen nan a ƙarƙashin gado. Salmanu, abokin zamansa a unguwar Al Qusais, shi ya matsa masa ya fito, shi kuma ya ɗauki bidiyo.

"Wallahi ka burge, habibi!" in ji Salmanu, yana rungume shi.

Washegari mahaifin Wasila, wadda aka sa musu rana da Mubashir, ya kira shi daga Kano: "Mun ga bidiyo. Ba ma ba ɗan goge 'yarmu."

Bayan wata biyu katin aure ya iso: Wasila da Salmanu. A ƙasa ango ya ƙara da biro: "Ka taho da gogen."