Manajan da Ya Koyo Tausayi

"Aulis, ka daina, mutane na gudu, aikinsu na dawowa kaina," na ce wa manajan kantinmu.

Da can ba ya magana, mu ma ba ma yi, aiki na tafiya lafiya. A garinmu Oulu haka ake son shugaba. Sai kamfani ya tura shi kwas ɗin sanin zuciyar ma'aikata. Ya dawo yana tare mutum a gaban firjin kifi, ya kalle shi ido cikin ido, ya ce, "Me ke damunka a rai?" Mutumin garin nan gara ya bar aiki da ya amsa wannan. Raimo mai yankan nama ya tafi, Sirpa ta bi shi.

"Veikko, ka san wahalar korar ma'aikaci a ƙasar nan?" in ji Aulis. "Malalata kaɗai nake tambaya. Da ƙafarsu suke fita."

Na yi dariya har da buga tebur. "Ashe kai mugu ne."

Shi bai yi dariya ba. Ya zuba mini kofi, ya jawo kujera, ya dafa kafaɗata.

"Zauna, tsoho. Ba ni labarin ƙuruciyarka."