Tsohuwar Na'urar Bakin Madatsa

Lurwanu, ɗauke hannunka daga kan layukan manhajar nan tukuna. Na san sun tsone maka ido, kana ganin jira ne kawai na banza. Jawo kujera in ba ka wani misali, in na gama ka goge su in har kana so.

An yi wata mata mai rubuta manhaja, gwana ce ta gaske, kuma ba ta san ha'inci a aiki ba. Aka ɗauke ta aiki a wata madatsar ruwa ta manoman rani. A bakin madatsar akwai wata tsohuwar na'ura da ke ɗaga ƙofofin ruwa tana sauke su, tun zamanin da aka gina wurin. Waɗanda suka ƙera ta sun daɗe da rufe kamfani. Yaren da take ji kuwa tsohon yare ne da kwamfutocin yanzu suka bari, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ma da ƙyar ta rage masa gurbi, kamar ɗakin kaka a ƙuryar gida. Aikin matar shi ne ta sa sabuwar kwamfutar ofis ta riƙa magana da wannan tsohuwa. Hanyar yin haka ita ce soket, wato ƙofar da manhaja ke buɗewa ta miƙa saƙo ga wata na'ura, in ta gama ta rufe.

Da ta duba aikin wanda ya gabace ta, sai ta ga in ya aika umarni ba ya rufe soket nan take. Sai ya tsaya har tsohuwar ta amsa cewa ta ji. Ita kuwa tsohuwar ba ta san gaggawa ba. Ma'aikatan ofis kullum cikin mita suke, wai in sun danna sai allo ya daskare, su yi ta kallonsa kamar masu jiran gawon shanu. Matar ta tausaya musu, kuma ban ga laifinta ba, ko ni ne zan tausaya. Ta cire jiran. Ta gwada a kan teburinta da wata na'urar gwaji mai saurin ji, komai ya tafi sumul. Ma'aikata suka yi ta sa mata albarka.

To, can ƙarshen magudanar ruwa akwai wani manomi da ya yi dashen tumatir, duk abin da ya dogara da shi a ranin nan ke nan. Dashe kuwa ba ya jure ƙishi. Da layin ruwansa ya zo, ma'aikaci ya danna, allo ya nuna an aika. Kuma gaskiya allon ya faɗa, an aika ɗin. Sai dai tsohuwar tana can ƙarshen doguwar waya, tana karɓar magana kaɗan-kaɗan, aka rufe soket wutsiyar saƙon ba ta iso ba. Ita kuma ƙa'idarta, ba ta ɗaga ƙofar ruwa a kan rabin magana. Ta yar da saƙon ta yi shiru, tun da ba wanda ya tsaya ya saurare ta. Manomi ya zo ofis ya ce ruwa bai iso ba, aka juya masa allo aka nuna masa, aka ce ya koma, ruwa yana hanya. Ya koma ya zauna bakin busasshen lambatu. Ya sake zuwa, aka sake dannawa, aka sake nuna masa allo.

Da maganar ta kai kunnen matar, ba ta tsaya musu ba, ta hau bayan babur har gonar. Ta tarar dashe ya kwanta, ganye ya yi laushi ya manne da ƙasa. Manomin bai zage ta ba, da ma ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Ya gaishe ta da mutunci, sannan ya ce, “Hajiya, ni dai a faɗa mini gaskiya. Ruwan zai zo, ko in haƙura?” Hawaye ya cika mata ido. A nan ta tuna abin da kowa ya sani tun yana ƙarami: in an aike ka wurin babba, ba ka jefa masa magana daga zaure ka juya. Tsayawa kake har ya ce to, ya ji, don wataƙila cewa zai yi ka maimaita.

Ta koma ofis ta mayar da layukan jiran yadda ta same su. Ta danna da hannunta, allo ya daskare, ta zauna tana kallonsa har tsohuwar ta amsa. Ƙofa ta ɗaga, ruwa ya gangara ya cika gonar, ya tarar ba sauran abin da zai shayar. Manomin sai da ya koma ya zuba sabon iri, ya jira ya tsiro, ya sake dashe, lokacin maƙwabtansa har sun fara tsinka.

Ga layukan nan a gabanka, Lurwanu. Ni ban san wa ya rubuta su ba, amma na san a ɗaya ƙarshen wayar akwai mai jiran ruwa. Ɗan jiran da aka tsere wa a ofis, shi wannan bawan Allah ya yi na rani guda. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.