Izinin Mai Shi

Da rana tsaka wasan bidiyon ya fara aiki a sabuwar na'ura, bayan wata huɗu tana fama da shi a shagonta na gyaran waya. Ƙaninta marigayi ne ya ƙirƙire shi a tsohuwar kwamfuta, ita kuwa ta rantse sai duniya ta buga shi.

Kawunta lauya yana kan benci, yana jiran a canja masa gilashin waya. Ya ce, "Kar ki sake shi tukuna. Aikin wani ne, sai da izini a rubuce."

"Kawu, mai shi shekara uku yana ƙasa. Wasiƙa zan aika masa?"

Ta ɗauki rimot. Gidansu ne a cikin wasan, ɗaki-ɗaki, har igiyar shanya da famfon nan mai ɗiga. Ƙofar ɗakin ƙanin ce kaɗai ba ta buɗewa, don bai gama ta ba. Ta bi aikin layi-layi, ta san babu komai a bayan ƙofar.

Yau ƙofar a buɗe take.

Wani ɗan mutum na zaune a bakin katifa, ya juya baya. Rubutu ya fara fitowa a ƙasan allon, harafi bayan harafi:

"Yaya, na yarda. Amma ba a buga shi mutum ɗaya."

A kan teburin, rimot na biyu, wanda ta cire wa batir tun ranar da aka binne ƙanin, ya kawo wuta.