Mace Marar Kai a Shagon Lanre

Iya Fatsuma ta sauka daga keke a Sabon Gari da takalmi wari ɗaya. Ɗayan ya faɗi tun a Kwangila, ba ta ce a tsaya ba.

Shekara arba'in tana wankan jego a Samaru. Duk matar da ta haihu a layinsu, Iya ta san jikinta fiye da mijinta. Wannan sani ne ya jawo mata kiran yau.

Wani mai sassaƙa ne, Lanre, ya yi mace da suminti. Ba kai, ba zane. Ƙirji a turo, ƙugu a karkace, ya soka mata rodi inda ya kamata ƙafa ta fito. 'Yan jami'a suka ce fasaha ce, suka yi ta ɗaukar hoto. Hoton ya shiga wayoyi, har aka ji cewa ba da ka ya ƙera ta ba. Filasta yake shafa wa mace mai rai, ya ɓare, ya zuba suminti a ciki.

To, wace ce ta tuɓe masa?

An ga Zulai, jikar Iya, tana shiga shagon da kular kunun aya. Ba sau ɗaya ba kuwa. Yarinyar da Iya ta raina tun ba a yaye ta ba, ita kaɗai ta rage mata. Tun safe take rantsuwa tana kuka, wai matar da ke zaune a saman shagon ce ke yawan sayen kunu, ta zaunar da ita tana kallonta kawai. Ba wanda ya saurare ta.

Alhaji Dalhatu, ƙanen marigayi mijin Iya, yana tsaye a ƙofar shagon da maza wajen goma. Gidan da Iya da Zulai suke ciki nasa ne, kuma a dangi abin da ya faɗa shi ne labari.

"Yaya, ki shiga ki duba," ya ce. "Za ki rantse. In Zulai ce, yau ba ta kwana gidana."

Iya ta shiga. Ƙarya a kan rantsuwa ba ta taɓa yi ba. Amma ta riga ta shirya yinta yau, wutar lahira ta ci ta ita kaɗai.

Lanre na gefe, furfura da ƙurar suminti sun haɗe masa a gemu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta wuce shi.

Mutum-mutumin ya fi ta tsawo. Kunya ta hana ta ɗaga ido, sai ta rufe su ta sa hannu, yadda ta saba. Ta shafa cikin. Nankarwa ce layi-layi, fata ta saki. Ta taɓa ƙirjin. Wannan ta shayar, ba ɗa ɗaya ba. Zulai kuwa ba ta taɓa haihuwa ba.

Ta zagaya baya don ta cika aiki. A ƙasan kafaɗar hagu yatsunta suka tsaya. Ta sake bi a hankali, sau uku.

"Ba Zulai ba ce!" ta ɗaga murya. "Wallahi tallahi, wannan ta haihu. Ku tafi, ku ji kunya, gemai-gemai da ku."

Aka yi ta gunaguni, aka watse. Dalhatu ne ma ya fara juyawa, ko leƙen cikin shagon bai yi ba.

Iya ba ta ɗauke hannunta ba.

"Kai yaro, yaushe ka ɗauki wannan jikin?"

"Watan jiya, Mama."

"Tana tafiya da ƙafarta? Tana cin abinci?"

"Tana nan saman bene," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ta ce in kin tambaya, in faɗa miki."

Iya ta zame ta zauna a kan buhun suminti. Ƙunar nan ta ƙasan kafaɗa, mai kamar ganye, ta san ta, don ita ta yi ta da ruwan jego da ya wuce zafi, a bayan 'yarta ta fari, uwar Zulai, wadda Dalhatu ya dawo daga Kaduna shekara goma sha takwas da suka wuce ya ce ya binne ta da hannunsa.